Jinjina ga manoman Holand masu tarbar mahaya keke

Kowa ya san keke ya fi mutane yawa a Holand. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne manoman karkara da ke ware wani lungu a gidan gonarsu, galibi tsohuwar rumfar kaya, domin matafiyin da ƙafarsa ta gaji da tuƙi. Sunan wurin Rustpunt, kuma an fi cin karo da shi a gabashin ƙasar, wajen Overijssel, Gelderland da Drenthe.

Ba mai hidima. Ka jingine kekenka, ka haɗa kofi ko shayi da hannunka, ka ɗauki biskit, ka duba farashi a allo, ka jefa kuɗi a akwati. Mai gida yana can wajen shanunsa, bai ma san ka zo ba. Akwai makewayi, sau da yawa har da wurin cajin keke mai batir, wanda dattawa suka karɓa hannu bibbiyu, don ƙasar ba tudu amma iskarta ba ta da sauƙi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Amanar ce ta burge ni.

Samun hanya ba wuya, albarkacin mahaɗu masu lamba, dabarar injiniya Hugo Bollen da aka fara a Limburg ta Beljiyam a 1995. Lambobin kawai za ka rubuta ka bi. In yunwa ta wuce biskit, gidan kofin ƙauye na gaba ba ya rasa kek ɗin tuffa da kirim, ko fanke mai faɗin faranti.