Wai Shin Wane Aiki Jarumin Fim Ɗin Hausa Yake Yi?

Kwanakin baya muna zaune da daddare a ƙofar gida a nan Yalwawa, ana kallon wani fim mai dogon zango a wayar ƙanina, sai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, ya tsaya a kanmu ya ɗan kalla. Can sai ya ce da ni, "Kai ɗan nan, tunda kai ne mai sharhin finafinai, wannan yaron mai kwat da jaka aikin me yake yi?" Na ce, "Baba, ai manajan kamfani ne." Ya ce, "To, kamfanin me suke sayarwa?" Wallahi mai karatu, mun kai kashi na 14 a fim ɗin, amma duk cikinmu babu wanda ya iya ba shi amsa. Aka yi dariya aka watse, ni kuwa tambayar ta bi ni har ɗaki.

In ka tambayi kowane furodusa ko darakta manufar fim ɗinsa, amsar ɗaya ce, har yara sun haddace ta: faɗakarwa, ilimantarwa da nishaɗantarwa. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa yau da harkar ta koma YouTube, wannan amsa ba ta canja ba. Ba na jayayya da niyyar kowa, Allah ne masanin zukata. Abin da nake tambaya shi ne, mutanen da ke cikin labarin fa, mece ce tasu manufar? Me ke tashinsu da asuba?

Ku duba da kyau. Jarumin fim ɗinmu yana da buri, wato ya auri wance, ko ya gaji dukiyar Alhaji, ko ya rama abin da aka yi masa. Amma ba shi da aiki. Ofishinsa teburi ne da kujera mai juyi da fayil guda wanda zai sa wa hannu ba tare da ya karanta ba, kafin budurwa ta bugo waya. In likita ne, zai fito ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. In malamin makaranta ne, allon da ke bayansa ado ne. In kuwa aka nuna aikin hannu, to wahala ce da ake jiran aure ya fitar da mutum daga ciki. Ko Sangaya, wanda ya tashe a wajajen 2000, muka gan shi muna yara, a kan wannan turba yake: Zubaina tana bauta a gidan sarauta, mafitarta ita ce soyayyar Yarima. Fim ne mai daɗi, ban musa ba, amma darasin da aka yi ta kwafa daga irinsa shi ne aiki ƙaddara ce mara daɗi, jin daɗi kuma yana hannun wanda zai ɗauke ka daga ciki.

Bari in kawo misalin wani fim daga nesa don a gane inda na dosa. A 1952 daraktan nan na Japan, Akira Kurosawa, ya yi wani fim baƙi da fari mai suna Ikiru, ma'ana rayuwa. Labarin wani shugaban sashe ne a ofishin hukumar birni, Watanabe, wanda ya shekara 30 yana buga hatimi a kan takardu. Wasu iyaye mata suka kawo kuka a kan wani kududdufin ƙazanta da ke sa wa 'ya'yansu ciwo, suna so a cike shi a yi wa yara filin wasa. Aka yi ta tura su daga wannan ofis zuwa wancan har suka dawo inda suka fara. Ana cikin haka Watanabe ya gano yana da ciwon daji a ciki, kwanansa ya kusa ƙarewa. Ya ɗebi kuɗin da ya tara ya shiga shashanci, bai sami natsuwa ba. Sai wata yarinya da ta bar ofishinsa ta koma masana'antar 'yar tsana ta gaya masa cewa in tana haɗa kayan wasan nan ji take kamar tana wasa da duk yaran ƙasar. Daga nan ya koma ofis, ya zaro takardar matan nan daga ƙarƙashin tarin fayil.

Abin burgewar shi ne yadda Kurosawa ya ƙi ba shi damar yin lacca. Daga wannan fitowa sai fim ya tsallake wata biyar, sai ga mu a zaman makokinsa. Abokan aikinsa ne ke gardama a kan wa ya gina filin, kowa na tuno abin da ya gani: yadda ya yi ta zarya a ofisoshi yana sunkuyar da kai, yadda ya ƙi ja da baya ko da aka yi masa barazana. Suka sha alwashin za su yi koyi da shi. Da aka koma ofis wani kukan ya zo, sai aka tura shi wani sashe kamar yadda aka saba. Babu wanda ya juyo ya fuskanci kyamara ya ce jama'a mu ji tsoron Allah, amma duk ma'aikacin da ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi.

Ni da na gan shi, Dutse na tuna. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, garin nan ya zama garin ma'aikata. Kusan kowane layi a Yalwawa akwai mai fita da safe da fayil a hammata. A cikinsu akwai mai jiran ƙarshen wata kawai, akwai kuma wanda ke tsayawa a kan takardar fansho ta wata bazawara har sai ta fita, ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ina fim ɗin wannan mutumin? Ina na unguwarzoma a asibitin ƙauye, ko dillalin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko manomin shinkafa a fadamar Haɗeja da ambaliya ta cinye masa gona ya sake shuka?

Kada wani ya ce wannan salon Turawa ne ko na Japanawa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018, labari ne na mutane masu manufa. Uwa ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta. Ɗan kuma, wanda aka sace yana yaro, ya kama karatu ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilimi a wurinsa. Abin da suka yi ne ya faɗakar, ba sai an tsayar da labari an yi wa'azi ba.

Na san abin da furodusoshi za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce 'yan kallo soyayya suke so, kuma ɗaukar fim a asibiti ko kasuwa na cin kuɗi da lokaci, ga marubucin da ake ba kwana bakwai ya kawo labari. Gaskiya ne. Amma kashi na ƙarshe na Ikiru yawancinsa a ɗaki ɗaya aka ɗauka. Kuma Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019 ya nuna 'yan jarida da ma'aikatan asibiti da 'yan siyasa a bakin aikinsu a garin Alfawa, jama'a kuwa ba su guje shi ba. Abin da ake buƙata bai wuce marubuci ya je ya yi kwana uku tare da tela ko nas kafin ya ɗauki biro ba.

Dalilin da ya sa na damu shi ne ƙannenmu. Yaron da ya taso yana kallon jarumi mai mota uku wanda ba a taɓa ganin guminsa ba, me zai ɗauka game da aiki? In ya gama makaranta ya ga babu ofis mai kujera mai juyi, sai ya raina walda da kafinta da noman riɗi, ya zauna a majalisa yana jiran wani Alhaji. Fim ba shi kaɗai ke da laifi ba, amma yana da hannu, tunda shi ya ce ya zo faɗakarwa.

Shawarata ga marubutanmu guda ɗaya ce. Kafin ku ba jarumi budurwa, ku ba shi sana'a, ku san farashin kayansa, ku san wanda zai cutu in bai fito aiki ba. Na yi wa Baba alƙawarin ran da aka yi fim ɗin da zai amsa tambayarsa, ni da kaina zan kai masa har gida. Allah ya sa kada mu daɗe muna jira, amin.