Hannun da Ke Tayar da Injin Fijo

Duk wanda ya riƙe Peugeot 504 har zuwa yau, wadda muke kira Fijo, ya san ranar da hankalinsa zai koma kan inji. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya yi ta harhaɗa ta tun tsakiyar shekarun 1970 har bayan shekarar 2000. Yanzu an daina, kayanta na ƙara wuya a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka. Shi ya sa idan aka yi wa mai ita tallan injin da aka ce an sabunta shi, sai zuciya ta raya masa ya saya ya ajiye saboda gobe. Kafin ya ƙirga kuɗi, ya kamata ya san abin da ake nufi da sabuntawa, domin wani injin wanka da fenti kawai ya sha, wani kuwa an yi masa aikin da nake son in bayyana.

Gwanin bakanike ba ya fara da sifana. Yana fara da ido da kunne. Hayaƙi shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, fari mai kauri na nufin ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Zai zaro sandar gwada mai ya murza a yatsa. In man ya koma kamar koko, gaskit ya ƙone. Yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya bambance ƙarar bawul da bugun metal, wato ɓawon ƙarfen nan mai laushi da karanshaf ke juyawa a cikinsa.

Sai kwancewa. A nan ake gane wanda ya ƙoshi da sana'a. Yana shimfiɗa kwali, ya huda ramuka, ya soke kowace bawul a raminta bi da bi. Fistin na ɗaya ba ya haɗuwa da murfin na uku, kowane yana da alamarsa, domin ƙarfen da ya shekara ashirin yana gogar ɗan'uwansa ya riga ya saba da shi. Wanda ke zuba komai a daro ɗaya don ya samu ya koma benci hira, a ranar haɗawa zai biya bashin.

Injin 504 mai cc 1971 yana da wata baiwa da ta sa ya daɗe a hannunmu. Silindarsa huɗu ba a jikin bulok aka fafe su ba. Kowace bututu ce mai zaman kanta, silif, wadda ake zarewa a sa sabuwa, ruwan lagireto kuma yana zagaya ta kai tsaye. Saboda haka ba sai an rarake bulok ba. Silif da fistin da ringi ake sayowa saiti guda. Amma baiwar na da sharaɗi. Dole bakin kowace silif ya ɗara fuskar bulok da kimanin kaurin silin gashi, don gaskit ya samu abin cizo. In ya gaza haka, ruwa zai sulale cikin mai. In ɗaya ta fi sauran tsawo, kan injin, wanda na alminiyam ne, ba zai zauna daidai ba. Gwani yana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura siririn ma'auni a ƙasa, ya sauya zoben da ke gindin silif, ya sake aunawa, sau uku ko huɗu, ba ya ƙosawa. Kuma muddin kan inji na buɗe, ba ya juya karanshaf sai ya danne silif ɗin da noti da wasa, kada fistin ya ɗago ta daga mazauninta. Na taɓa tsayawa ina kallon wani gwani yana wannan awon har la'asar ta shige, ban ga hannunsa ya yi gaggawa ba ko sau ɗaya.

Karanshaf ana kai shi wurin masu injin wasawa, su rage shi kaɗan har ya koma sumul, sannan a nemo metal mai kaurin da zai cike abin da aka rage. Hanyoyin mai da ke cikinsa ana wanke su da kananzir a busa da iska. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cinye sabon metal.

Bawul kuwa aikin haƙuri ne. Ana shafa mata man wasawa mai tsakuwa-tsakuwa, a manna mata sanda mai roba a baki, a yi ta murzawa tsakanin tafuka kamar mai burka miya, ana ɗagawa ana juyawa, har zobe mai ruwan toka ya fito a gefenta ba yankewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba kananzir a ramin, a jira. In bai tsatso ba, ta zauna.

Wajen haɗawa, bakin ringi ba sa kallon wuri ɗaya, ana karkasa su don kada iska ta samu hanya. Kowane metal yana shan mai kafin a rufe shi, kuma bayan ɗaure kowane murfi ana juya karanshaf da hannu a ji ko ya cije. Notunan kai ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, a matakai. Sannan a saita tazarar bawul inji na sanyi: milimita 0.10 ga ta shigar mai, 0.25 ga ta fitar hayaƙi, wadda zafi ya fi kumbura ta.

To, a saya a ajiye? A ganina, in ka ga injin a buɗe, ko ka san hannun da ya auna shi, saya, domin silif da fistin na asali ba ƙaruwa suke yi ba. In a rufe aka kawo shi yana ƙyalli, gara ka sa a kwance kwanon mai da kan injin a gabanka, ko ka kashe kuɗin a kan naka. Ka duba lambarsa da rasit saboda takardun mota. Kuma ka sani injin ajiya ma yana son hidima. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama ringi a jikin silif. Ana cire filogi a ɗiga mai a kowace silinda, a toshe duk wata kafa da tsumma mai maiƙo saboda ƙurar hunturu da zanzaro, a ɗora shi kan katako nesa da ƙasa. Duk wata kuma a sa sifana a notin gaba, a juya shi zagaye biyu.