Baƙo da Akushin Mai Masauki

A bakin akushi a ke gane matafiyi mai hankali. Dogayen benaye da jiragen ƙasa kowa ya je ya gan su, kowa kuma ya komo ya iya ba da labarinsu. Amma mutum ya zauna gaban abincin da bai taɓa gani ba, ya lura da yadda masu shi su ke ci, ya dawo gida ya faɗi gaskiyar abin ba tare da raini ba, wannan sai mai natsuwa. Da wannan mudu ya kamata a auna kowane littafin tafiya, gama wanda bai daɗe da fita ajin Yaƙi da Jahilci ba, abin da ya gani a takarda yakan ɗauke shi tabbas kamar yankan wuƙa. In marubuci ya raina wata al'umma, to, ya koya wa mutum dubu raini ke nan.

Hausawa sun daɗe suna ba da labarin tafiya. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram, ya bi Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, har Ingila a 1855, ya bayyana yadda Turawa su ke zaman cin abinci daki-daki, kamar mai ƙirga kuɗin haraji. Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya biyo da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Dukansu Turai su ka fuskanta. Labarin Japan kuwa yawanci a baka ya ke zuwa, daga fatake da 'yan makaranta, kuma abu biyu a ka fi riƙewa a ciki, wai mutanen can ɗanyen kifi su ke ci, da ruɓaɓɓen wake mai yauƙi. Sai a tuntsire da dariya, hira ta watse. Alhali kuwa riɗin da a ke nomawa a ƙasar Jigawa har Japan a ke kai irinsa, farin magin nan kuma na Ajinomoto da mata ke zubawa a miya, kamfanin Japan ne, tun 1909 ya fara sayar da shi a can.

To, ga wani mutumin Japan da ya yi tafiyar ta ɗaya gefen. Sunansa Takano Hideyuki. A 2020 ya fitar da littafi cikin harshensu a kan neman abin da ya kira natto na Afirka. Natto shi ne waken nan da a ke yi wa dariya. Waken suya ne a ke dafawa, a da a kan ƙunshe shi cikin karan shinkafa a ajiye wuri mai ɗumi, in ya kwana sai ya yi wari da yauƙi, a ci da shinkafa da safe. Takano ya ji labarin akwai ɗan'uwansa a Afirka, sai ya taso har ƙasar Kano ya ga yadda a ke yin daddawa. Daga nan ya bi sawunta zuwa Senegal da Burkina Faso, ya leƙa Koriya ta Kudu.

Abin yabo a aikinsa shi ne bai tsaya ga hanci ba. Kowace mace a Yalwan Damai ko Gwaram ta san wahalar daddawa, yadda a ke dafa kalwa ta daɗe a wuta, a surfe, a wanke, a sāke dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku kafin a kirɓa a shanya. Irin wannan aiki ya je ya gani da idonsa. Masana kuwa sun tabbatar ƙwayar halitta iri ɗaya, wadda ido ba ya gani, ita ke nunar da kalwa a nan, ita ke nunar da waken suya a can. Ashe mai yi wa natto dariya, ga daddawa cikin miyar kukarsa, ya manta laifi tudu ne.

Duk da haka littafin bai rasa abin gyara ba, kuma tun daga sunansa. Ya kira daddawa natto na Afirka, ya kuma siffanta ta kamar wata ɓoyayyiyar aba da sai an sha wuya a ke gano ta. Abin da ke cikin kowace kasuwar ƙauye ba a ce da shi ɓoyayye. Sa'an nan daddawa kayan miya ce, ba mai ɗora ta kan tuwo ya ci gaya, natto kuwa cimaka ce da kanta. Baƙon da ya raɗa wa kayan mutane sunan na gidansu, ko da ƙauna ya yi, ya rage musu wani abu.

Wannan mudu shi za a auna Bahaushen da ya je Japan da shi. Zai tarad da abubuwa da yawa da ba baƙi ba ne gare shi. Ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa kafin a taka tabarmar ɗaki. Ana rusunawa wajen gaisuwa, na ƙasa ya fi na sama sunkuyawa. Ana miƙa kyauta da hannu biyu, wanda ya yi tafiya kuma ba ya komowa ba tsaraba. Kafin a sa hannu a abinci akwai kalmar godiya da a ke faɗi, in an gama akwai wata. Sai dai akwai inda hanya ta rabu. Da tsinke biyu su ke ci, kuma babban abin ƙi ne a kafa su tsaye cikin shinkafa, don haka a ke ajiye wa mamaci. Ba a miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke, gama haka dangi su ke tsince ƙasusuwan gawa bayan an ƙone ta. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ne. Ba a kuma bar wa mai kawo abinci tukuici, yana iya biyo mutum da kuɗin a guje. Marubucin da ya jera waɗannan bai faɗi dalilinsu ba, ya ba mai karatu kwasfa ya riƙe ƙwaya.

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Amma maganar tana da iyaka. Japanawa suna zuba giyar shinkafa a girki da yawa, romon taliyarsu kuma sau da yawa na ƙashin alade ne. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, in ya ƙi ya ƙi da ladabi, kuma ya rubuta wannan a fili don amfanin na baya. Akwai masallaci a birnin Kobe tun 1935, ga wani a Tokyo, inda baƙo zai sami mai nuna masa wurin cin halal. Littafin da ya yi ta yabo ya ɓoye wannan, bai fi mai raini amfani ba.

Matasan da ke tafiya can karatu da ciniki, nauyi ya hau kansu. Wanda ya ci abincin mutane ya ɗauki bashi, biyansa kuwa shi ne ya faɗi gaskiya a kansu. Allah ya ba mu marubucin da zai yi wa Japan irin kallon da Dorugu ya yi wa Ingila, amin.