Harshen Aro a Bakin Maza: Sharhi a kan Bikin Waƙa na BlokeFest a Ingila

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wani bikin waƙa da maza zalla suke yi a karkarar kudancin Ingila, wanda aka raɗa wa suna BlokeFest, musamman ta fuskar yadda ake sarrafa harshe a cikinsa da kuma cikin ƙungiyoyin mawaƙan da suka haife shi. Tsarin bikin ba shi da wuyar bayani. A lokacin zafi maza kan taru a fili a ƙarshen mako, su kakkafa tantuna su kwana, su ci abinci tare, su yi wasanni, sauran lokacin kuma su koyi waƙoƙi su rera. Ba a tambayar kowa ko ya iya waƙa kafin a karɓe shi. Babu 'yan kallo na musamman, babu ubangidan da ake yi wa waƙa, babu kuma kyauta. Mai rerawa shi ne mai sauraro. Manazarcin da ya saba da makaɗi da 'yan amshinsa da karɓar tukuici zai ga ma'aunansa ba su da wurin kamawa a nan. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa akwai rabon aiki tsakanin harsuna a wannan al'ada: harshen gida, wato Ingilishi, an fi ba shi aikin barkwanci, maganar da ta shafi zuciya kuwa an fi ɗora wa harshen aro.

2.0 Asalin Al'adar

Haɗa waƙar maza da cin abinci ba sabon abu ba ne a Turai. A shekarar 1809 Carl Friedrich Zelter ya kafa wata ƙungiya a Balin mai suna Liedertafel, ma'ana teburin waƙa, inda maza kan haɗu su ci su sha su rera waƙoƙin da su da kansu suka tsara. Cikin shekaru hamsin irin waɗannan ƙungiyoyi sun bazu a ƙasashen Jamusawa, har aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu a garin Coburg a 1862, shekara tara kafin Jamus ta zama ƙasa ɗaya. Waƙa da Jamusanci a wancan zamani siyasa ce, domin harshen shi ne abin da ya haɗa mutanen da iyakoki suka raba. A Wales kuwa ƙungiyoyin mawaƙa maza sun tsiro ne daga ramukan kwal da majami'u, kuma wani kaso mai yawa na abin da suke rerawa da harshen Wales yake. Wata ƙungiya daga kwarin Rhondda ta ci gasar waƙa a bajekolin duniya na Chicago a 1893. Ramin kwal na ƙarshe a wannan kwari, na Maerdy, an rufe shi a 1990, aka bar ƙungiyoyin ba sana'ar da ta haife su.

BlokeFest bai biyo ta ɗayan waɗannan hanyoyi biyu ba. Jijiyarsa tana Ostareliya, inda Stephen Taberner ya kafa ƙungiyar Spooky Men's Chorale a yankin Blue Mountains a 2001. Wannan ƙungiya ta yi fice da abu biyu: koyi da waƙoƙin mazan ƙasar Jojiya ta yankin Kokesas, da kuma yi wa mazantaka shaguɓe, ta hanyar waƙoƙi a kan gemu da kayan aiki da tutiyar banza, ana rerawa fuska a murtuke kamar da gaske ake. Zuwanta rangadi Birtaniya ya sa aka kafa ƙungiyoyi irinta, cikinsu har da ta ƙauyen Ashton Keynes a Wiltshire, wadda ta kira kanta The Magnificent AK47, ta ari sunan bindiga saboda haruffan farko na sunan ƙauyen. Daga wannan da'ira bikin ya fito.

Sunan bikin kansa abin dubawa ne. Kalmar bloke a Ingilishin Birtaniya da Ostareliya kalmar hira ce, kusa da abin da Bahaushe zai ce taliki: mutum gama-gari, ba mai muƙami ba, ba mai ɗaukar kansa da zafi ba. Mutanen Wales suna kiran irin ƙungiyarsu côr meibion, wato ƙungiyar mawaƙa ta 'ya'ya maza, suna mai nauyi da ya rataya mawaƙi ga gida da gari. Wanda ya kira kansa bloke kuwa ya riga ya nemi uzuri tun bai buɗe baki ba.

3.0 Rabon Aiki Tsakanin Harsuna

Waƙoƙin Jojiya sun shiga hannun masu sha'awar waƙa a Birtaniya ne tun kafin wannan biki. Masanin kiɗan gargajiya Edisher Garakanidze ya fara koyar da su a Wales a 1994, kuma bayan rasuwarsa a 1998 aka fitar da littafinsa mai ɗauke da waƙoƙi 99 a 2004, an rubuta su da haruffan Romawa tare da fassara. Caroline Bithell, a littafinta na 2014 kan ƙungiyoyin waƙa na jama'a a Birtaniya, ta yi dogon bayani kan wannan ƙauna da kuma sansanonin waƙa da ake yi a fili. Dalilin ƙaunar a bayyane yake. Waƙar Jojiya galibi murya uku ce, biyu a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa da ake kira bani. A salon yankin Kakheti masu bani sukan ja sauti guda ne na tsawon lokaci, mutum biyu kuma su yi ta kai da komo a kansa. Ke nan baƙon da bai taɓa waƙa ba zai iya shiga sahun bani, cikin 'yan mintoci ya ji muryarsa ta zama ginshiƙin wani gini. UNESCO ta sanya wannan fasaha cikin manyan abubuwan gadon ɗan Adam a 2001, kuma waƙar Chakrulo tana cikin faifan da aka aika sararin samaniya a kumbon Voyager a 1977.

To, idan aka jera abin da waɗannan ƙungiyoyi suke rerawa, sai a ga wani tsari. Waƙoƙin da aka tsara da Ingilishi don bakin mazan, mafi rinjayensu raha ce, kuma abin da ake yi wa rahar shi ne namijin kansa. Waƙoƙin da ake tsayawa kafaɗa da kafaɗa a rera a natse, masu jigon fatan tsawon rai da zumunci da jarunta, da yawansu na Jojiya ne. Ba a ce babu waƙar natsuwa da Ingilishi ba. Ƙungiyar Taberner tana da su, wasunsu masu ratsa jiki. Sai dai akan iso gare su ne bayan an biya kuɗin shiga da dariya. Namijin Ingila da ba zai iya duban abokinsa ya ce masa Allah ya ja kwana da harshensu ba tare da ya bi da zolaya ba, yana iya faɗar haka da ƙarfin murya idan kalmar Mravalzhamier ce, wadda ma'anarta shekaru masu yawa. Harshen aro ya zama mayafi. Ya san fassarar, domin mai koyarwa ya faɗa, amma sanin fassara daban, jin nauyin kalma a kan harshe daban. Kunya ba ta bin kalmar da ba a yi ƙuruciya da ita ba.

Wannan dabara tana aiki, kuma bai kamata a raina ta ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu kashe kansu a Ingila da Wales maza ne, kuma a 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista ta musamman kan matsalar kaɗaici. Duk abin da zai fitar da magidanci daga ɗaka ya tsayar da shi cikin 'yan'uwansa ya cancanci a dube shi da mutunci. Tanti da tukunya da wasanni ma aikinsu ke nan: wanda aka kwana da shi a ƙasa, aka ga faɗuwarsa a filin wasa, ba a jin nauyin sakin murya a gabansa.

4.0 Abin da Yake Salwanta

Asara ta farko ta furuci ce. Jojiyanci yana bambanta baƙaƙe tsayau gida uku: masu ziza, da masu fitar da iska, da tunzuɗau. Kalmar kari iska ce, k'ari kuwa ƙofa, kamar dai yadda kafa da ƙafa suka sha bamban a Hausa. Ingilishi ba shi da tunzuɗau a matsayin ƙwayar sauti, don haka kunnen mai Ingilishi yakan haɗe biyun. Wani abin ban sha'awa shi ne Bahaushe, mai ƙ da ts a bakinsa, zai fi Bature saurin kama waɗannan sautuka, ko da yake shi ma zai yi tuntuɓe a cunkoson baƙaƙe irin na gvprtskvni, inda baƙi takwas suka jeru kafin a kai ga wasali. A kwana biyu ba a koyon wannan. Abin da yakan fito shi ne wani harshe na uku, ba Jojiyanci ba, ba Ingilishi ba, wanda ba mai fahimtarsa a duniya.

Za a iya mayar da martani cewa su kansu mutanen Jojiya suna rera gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Gaskiya ne. Salon krimanchuli na yankin Guria, inda murya take tsalle tsakanin ƙasa da sama, a kan irin waɗannan gaɓoɓi aka gina shi, kuma wasu tsofaffin waƙoƙin Svaneti suna ɗauke da kalmomin da ma'anarsu ta dushe, balle ma harshen Svan daban yake da Jojiyanci duk da danginsu ɗaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tana tunatar da manazarta cewa ba kowace waƙa ce take miƙa wuya ga nazarin jigo da warwararsa ba. Akwai inda ma'ana take cikin haɗuwar muryoyi. Amma mutumin Guria ya san inda kalma ta ƙare, gaɓar ado ta fara. Ga baƙo duka ɗaya ne.

Asara ta biyu ta fi girma, kuma ita ce ainihin abin da wannan sharhi yake tuhuma. Waƙoƙin tebur na Jojiya ba su tsaye da ƙafarsu. Gidansu shi ne walimar da ake kira supra, wadda wani mutum da aka zaɓa, tamada, yake jagoranta. Aikin tamada magana ce. Yakan miƙe da ƙoƙon ruwan inabi, wani lokaci ƙaho, ya yi jawabi a kan zaman lafiya, ko iyaye, ko baƙi, ko yara, ko waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ba a sha sai ya ƙare, sannan sauran maza su ɗora nasu a kan jigon da ya buɗe. Ana auna namiji a wannan zama da fasahar bakinsa da iya ambaton alherin wani a gabansa. Waƙa takan biyo bayan jawabi ne, ta rufe shi. Ke nan a inda aka aro waƙar, ita hatimi ce a kan maganar da aka riga aka yi ɓaro-ɓaro da harshen gida. A hannun masu aro kuwa sau da yawa ita ce take maye gurbin maganar. An ɗauko hatimin, an baro wasiƙar. Ko da an kwaikwayi zaman walimar a sansani, abin da ba ya aruwa shi ne shekarun da yaro yake yi yana sauraron manya suna wannan jawabi kafin a ba shi ƙoƙo.

Wani bincike da Eiluned Pearce da Jacques Launay da Robin Dunbar na Jami'ar Oxford suka buga a 2015 yana da abin cewa a nan. Sun bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu na waƙa, wasu na rubutun ƙirƙira da aikin hannu. A watan farko 'yan ajin waƙa sun fi jin kusanci da juna nesa ba kusa ba, amma zuwa wata na bakwai sauran sun kamo su. Abin da waƙa ta fi da shi, ke nan, sauri ne wajen narkar da baƙunta. Bikin kwana biyu ya faɗo daidai cikin wannan zango, shi ya sa masu halarta suke komawa gida da jin cewa wani babban abu ya faru. Binciken bai nuna cewa zumuncin waƙa ya fi na magana zurfi ba. Mawaƙin Rhondda a zamanin da ramukan kwal suke aiki yakan sake haɗuwa da abokin waƙarsa a bakin rami ranar Litinin, na Kakheti kuma a walimar aure ko ta makoki ta gaba, inda tamada zai kira mamacin da sunansa, ya faɗi abin da ya yi wa mutane, kafin bani ya ɗauka.