Addu'ar Sallama: Yadda Kiristocin Adar Ke Ban Kwana da Matafiyi

Ranar wata Lahadi bayan girbi na halarci sujada a wata 'yar majami'a da ke gefen garin Madawa. Bencinta bai wuce goma ba, rufin kwano ne, tun da hantsi zafi ya fara sauka a ka. Da aka ƙare wa'azi sai mai sanarwa ya miƙe ya ce an yi wa wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya, canjin wurin aiki zuwa Damagaram. Aka kira ta gaba, ta durƙusa a kan tabarma, fasto da dattawa biyu suka ɗora mata hannu. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, ɗaya na buga tulu da tafin hannu, wata na kaɗa caki. Bayan an shafa addu'a aka miƙo ƙwarya rufe da faifai, cike da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa, ga turmin atamfa a kai, ga ƙullin albasa a gefe. Ta share hawaye ta ce, "Baba Fasto, iyayena mata, na gode. Wanda na ɓata wa, don Allah ya yafe mini." Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Duka abin bai kai rabin awa ba. Amma wanda ya san yawan Kiristoci a wannan yanki zai gane nauyinsa. A Nijar baki ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a ƙasashen Madawa da Buza da Kaita kuwa sai a yi tafiya mai nisa ba a ga majami'a ba. Da yawa cikin masu cika bencin ma baƙi ne: malaman lakwal, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, da 'yan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya. Yau ga su, gobe takarda ta zo sun ɗaure kaya. Inda mutum talatin ke sujada, tashin gida ɗaya na iya tafiya da mai bayar da waƙa da ma'ajin baiko da rabin yaran makarantar Lahadi. Don haka ikkilisiyar Adar ta ƙware a ban kwana kamar yadda manomin Galmi ya ƙware a renon albasa, yau da gobe ce ta koya mata.

Tarihin ma da zuwa da tafiya ya fara. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950 Dakta Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe asibitin Galmi, a kan babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni zuwa Madawa. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan likitoci daga Amurka da Ostireliya da Turai suna zuwa, wasu su yi wata biyu, wasu su tsufa a wurin, kowanne kuma ranar tafiyarsa na zuwa. Marasa lafiya daga Buza da Kaita da kwarin Majiya su ma haka, a kwantar da su, a sallame su. Kalmar sallama a bakin mutumin wannan yanki tana ɗauke da ma'anonin nan duka, ta asibiti da ta tasha da ta majami'a.

Idan aka warware wannan al'ada zare-zare, za a tarar yawancin zaren na gida ne. Neman yafiya kafin tafiya, guzuri, rakiya har bakin tasha, "Allah ya kiyaye hanya", "a sauka lafiya", "a gaida mutanen can", babu wanda mishan ya zo da shi. Maniyyaci ma haka yake bi gida-gida kafin ya tashi zuwa Makka. Shi ya sa maƙwabciya Musulma kan shigo da nata ƙullin guzurin ba tare da ta ji baƙunta ba. Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, ya zo ya tarar da gurbi a shirye. Fastoci kan buɗe Ayyukan Manzanni sura 20, inda Bulus ya tara dattawan Afisa a Militus, suka durƙusa suka yi addu'a, suka yi kuka, suka raka shi har bakin jirgin ruwa. Bahaushen da ya ji wannan labari ba ya bukatar tafinta, rakiya ce irin wadda kakarsa ta sani. Zabura 121 kuwa ta zama ta matafiya, har wasu sun haddace ta saboda yawan ji.

Abin da majami'a ta ƙara shi ne shaida. A zaure Bahaushe kan taƙaita godiyarsa, a ce masa ina aiki, ya ce da godiya, magana ta ƙare. A majami'a kuwa ana ba mai tafiya fili ya ƙirga. Matar da na ambata ta fara da ranar da ta sauka a tashar Madawa ba ta san kowa ba. Ta ambaci dattijuwar da ta ba ta ɗaki wata uku ba haya, da daren da zazzaɓi ya kusa ɗauke ɗanta aka kai shi Galmi a bayan babur, da jika ashirin da zumuntar mata ta ranta mata ba a taɓa yi mata tuni ba. Kowace gaɓa ta rufe ta da "na gode wa Ubangiji", jama'a na amsawa da amin. Salon yana da ƙa'idarsa ko da ba a rubuta ba: Allah a farko, sai fasto da dattawa, sai iyaye mata, sai maƙwabta, har da waɗanda ba addini ɗaya ba. Kuma ana yin godiyar ne tun ba a ga ƙarshen hanya ba, tun mota ba ta tashi ba, abin da masu wa'azi ke kira tafiya cikin bangaskiya, suna kawo misalin Ibrahim da ya bar garinsu bai san inda za shi ba. A ganina waɗannan shaidu su ne kundin tarihin ƙananan ikkilisiyoyin nan. Babu mai rubutawa, amma duk wanda ya zauna ya saurara shekara goma zai san wa ya gina bango, wa ya sayi fitila, wace shekara aka yi yunwa.

Sai dai godiya tana da baki, tana kuma haɗiye magana. Na sha jin mai bishara da ya yi shekaru a ƙauye, ɗan abin da ake ba shi ba ya isa ko hatsin wata, ya tsaya ranar sallama ya ce komai lafiya, sai godiya. Kowa a ɗakin ya san ba haka ba ne, kowa ya ce amin. "Mu yafi juna" kalma ce mai daɗi, amma idan ita kaɗai ce ƙofar da aka bar wa mai ƙorafi, to wanda zai gaje shi zai tarar da ramin nan a buɗe.

Babban abin da ya fi damuna shi ne rabon wannan karramawa. Adar ƙasar cin rani ce tun kaka da kakanni. Da an ɗaure damman gero aka zuba a rumbu, samarin Buza da Kaita sai su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kamaru, wasu su bi ta Agadas su tsallaka Libiya. Ko babban aikin raya ƙasa na Kaita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wahalarsa, musamman ɗaukar duwatsun Kaita, domin maza ba sa gida da rani. 'Ya'yan Kiristoci ma suna cikin ayarin 'yan cin ranin nan. To, likitan da zai hau ƙaramin jirgi a filin Galmi ana yi masa walima da jawabai da kyautar babbar riga, kuma ya cancanta. Yaron da zai ɗare saman buhunan albasa da asuba, ya yi kwana da kwanaki kafin ya ga Abijan, shi fa? Sau da yawa sai Lahadi ta zagayo a ga gurbinsa, a tambayi uwarsa, ta ce ai ya tafi nema. Alhali hanyarsa ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya har zuwa Maris 2024, irin waɗannan yara ne suka riƙa bin hanyoyin daji a kan babur, ba masu fasfo da tikiti ba.

Na taɓa tambayar wani dattijo dalili. Ya ce, "Ɗana, su ma ba sa so a sani. Wanda ya tafi da bashin kuɗin mota ba ya son a kira shi gaba." Akwai gaskiya a ciki, kunya ce da tsoron kada a dawo hannu rabbana bayan an yi shela. Amma matar da ya bari da goyo da rumbun da ba zai kai damina ba, ita ma ba a kiran ta gaba, ba a ɗora mata hannu, ga shi rayuwarta ta juya kamar ta wanda ya tafi. Matan zumunta ne kaɗai ke leƙa ta da tiyar gero a ɓoye.

 Ina roƙon fastoci da dattawan ikkilisiyoyin Madawa da Buza da Kaita su ware Lahadi ɗaya bayan girbi, kafin motoci su fara lodi, su kira 'yan cin rani da matansu gaba ɗaya ba tare da an ware kowa da suna ba, a shimfiɗa musu tabarmar nan da aka shimfiɗa wa malamar asibiti.