Amarya da Garke: Siffofin Ikilisiya a Kunnen Mutumin Daura

Duk lokacin da manazartanmu suka zo tarihin rubutun zube na Hausa, sukan ambaci ayyukan 'yan mishan cikin layi biyu, su zarce zuwa gasar 1933 da su Ruwan Bagaja. Mu a ganinmu an yi gaggawa. Fassarar Littafi Mai Tsarki tana cikin manyan ayyukan juya magana da aka taɓa yi a harshen nan, kuma ana iya feɗe ta da ma'aunin adabi, ba tare da an shiga muhawarar aƙida ba. Abin da za mu gwada a nan ke nan, a kan abu guda: siffantawar da littafin ya yi wa ikilisiya, wato jama'ar Kirista.

Ba haka kawai muka ɗauki kunnen Daura ya zama ma'auni ba. Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, mutumin Dambanas ne, kusa da Kance, can bayan iyaka arewa da Daura. Daga bakinsa J. F. Schön ya gyara Hausarsa, har aka fara buga sassan Linjila a 1857. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya jagoranta, aka kuma sake fassara shi a 1979. Ashe tun farko akwai ƙamshin Hausar wannan yanki a jikin aikin.

Ita kanta kalmar ikilisiya baƙuwa ce. Asalinta Helenanci ne, ma'anarta taron mutanen da aka kira. Bahaushe ba ya ganin hoton komai idan ya ji ta, shi ya sa ma da yawa ke zaton sunan gini ne. Saboda haka nauyin bayani duk ya koma kan siffofin da aka yi mata.

Wadda ta fi saurin zama a gida ita ce siffar jiki. A wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa, sura ta 12, Bulus ya ɗauki jama'ar a matsayin jiki ɗaya mai gaɓoɓi dabam-dabam, inda ido ba shi da ikon sallamar hannu. Wanda ya tashi yana jin ɗan'uwa rabin jiki ba ya bukatar a yi masa sharhi, haka ma almajirin da ya karanci hadisin da ya kamanta muminai da jiki guda. Nan mai fassara bai sha wahala ba.

Siffar garke kuwa ta fi zurfi. A sura ta 10 ta Linjilar Yahaya, an nuna makiyayi yana shiga gaba, tumaki suna biye, suna gane muryarsa, yana kiran kowace da sunanta. Masu sharhi a Turai sai sun tsaya sun yi wa mutanensu bayani, don su da kare suke kora tumaki daga baya. Amma wanda ya taɓa tsayawa a hanyar kasuwar Mai'aduwa ya ga Ba'ude ya saɓa sanda, tumaki masu rabin fari rabin baƙi sun jeru a bayansa, ya riga ya ga ayar da idonsa. Har ɗan kiwon hayar da ke zubar da dabbobi ya gudu idan ya hangi haɗari, mun san shi. Sai dai kalma ba ta zama wuri ɗaya. A 1932 "makiyayi" yana nufin mai haƙuri da ƙishirwa, mai kwana a daji don dabbarsa. Yau, bayan shekarun rikicin gona da burtali, manomin da aka cinye wa wake yakan ji wani abu daban kafin ya ji tausayi. Mai fassara bai yi kuskure ba; zamani ne ya sauya wa kalmar riga. Ga shi kuma tunkiya ba ta da kyakkyawan suna a bakinmu: uwar tamɓele muke ce mata. Mai wa'azin da ya kira jama'arsa tumaki da Hausa, sai ya yi da dabara.

Inda muka fi so mai karatu ya tsaya shi ne siffar amarya. A Afisawa sura ta 5 an kwatanta zaman Almasihu da ikilisiya da zaman miji da mata, aka nuna ta tsarkakakkiya, marar tabo. A ƙarshen Wahayin Yahaya kuma ga amarya an yi mata ado ana jiran ango. Ta fuskar kwalliya, Hausa ta ma fi asalin armashi, don kalmar tana zuwa da lalle da turare da buɗar kai, kuma mu ne muka ce amarya ba ta laifi. To amma amarci a gidan Bahaushe matsayi ne, ba hali ba. Amarya ita ce ta baya-bayan nan. In an ce akwai amarya, zuciya takan tambaya ina uwargida. Kuma kowace amarya ta san ranar da aka kawo wata, sunan ya bar hannunta. Nassin kuwa yana magana ne kan ɗaya tilo, wadda ba kishiya gabanta, ba bayanta. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, musamman ga Bamagujen da ya karɓi Kiristanci da matansa biyu ko uku a gida, aka ce masa auren mace ɗaya shi ne hoton wannan alkawari. Duk da haka ba mu ga kalmar da ta fi ta ba. "Mata" ta yi sanyi, "uwargida" ta kashe ɗokin jiran ango. Gara a bar amarya, a bar wa mai bayani aikinsa.

Kurangar inabi da rassanta, ta Yahaya sura ta 15, ba mu da abin cewa da yawa a kanta. Manomin Zango ko Ɓaure bai taɓa yi wa inabi aski ba, yaɗon duma da kabewa ya sani. Akwai masu ganin da an musanya. Ba mu tare da su: duma shekara ɗaya yake yi ya bushe, ba a sare masa reshe don ya ƙara 'ya'ya, ga shi kuma inabi yana ɗaure da ƙoƙon jibin ƙarshe. In an tsinke wannan zare, an ɓata saƙar littafin.

Sai siffar gini, a wasiƙar Bitrus ta farko, inda mutane suka zama duwatsu masu rai, Almasihu kuma dutsen kusurwa. Daura garin tubali ne da azara. Magininmu na gargajiya ba ya fara aiki da dutse guda da sauran za su bi layinsa. Amma idan aka ce gida maimakon gini, kamar yadda Bulus ya kira jama'ar iyalin gidan Allah, nan take hoto ya tashi: zaure ɗaya, sassa da yawa, maigida, da gandun da kowa ke fita noma. Mun lura wannan ce siffar da ta fi kama bakin Kiristocin Hausawa na karkarar Katsina, waɗanda ke kiran juna 'yan'uwa, kuma da yawansu har yanzu a gandu suke noma.