Gidan Ɗanƙwairo: Ƙungiyar Kiɗa da Abin da Faifai Ya Riƙe Mata

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Bayan kwana 17, ranar 13 ga Satumba, Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun rasuwa. Ke nan tun daga 1967, zamanin Jihar Arewa maso Yamma, har zuwa makonnin ƙarshe na rayuwarsa, mutumin Mahuta ta ƙasar Fakai, wadda ta faɗa Kebbi, da makaɗin Maradun 'yan jiha ɗaya ne. Kotso, gangar gidan Ɗanƙwairo, ba ta ƙasar Fakai ba ce, ba da ita ake bikin Uhola a ƙasar Zuru ba, amma Rediyon Kaduna da Rediyo Rima sun yi ta cusa ta a kunnuwan jama'a har ta zauna daram. Yau ma da wuya a yi yini guda a kasuwar Mahuta ba a ji muryar dattijon tana fitowa daga wata waya ba.

To amma muryar wa ake ji? Mun saba cewa "waƙar Ɗanƙwairo", kamar dai mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙulla ta, ya rera, ya amsa wa kansa. Wanda ya kasa kunne da kyau zai gane cewa a waƙoƙi da yawa kason da ke fitowa daga bakin jagoran bai kai rabi ba. Sauran na 'yan amshi ne. Abin da muke saurare aikin ƙungiya ne, kuma ƙungiyar ta girmi shi Musa ɗin, ta kuma yi saura bayansa.

An haifi Musa wajajen 1909 a Ɗankadu ta ƙasar Bakura. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, gidansu gidan kiɗan noma ne kafin ya koma kiɗan fada a Maradun. Da Ɗankwanda ya kwanta dama, ba Musa ne ya gaje shi ba, wansa Abdu Kurna ne ya zama jagora, Musa ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗi, wato mataimaki kuma magaji mai jiran gado. Sai daga baya ragamar ta dawo hannunsa, shi ma ya jawo 'ya'yansa da danginsa cikin amshi. Jagora uku ke nan a jere, uba da wa da ƙane, ba a sake suna ba sai na wanda ke gaba. Irin wannan tsari ba a Maradun kaɗai yake ba. Nan kusa da mu, a Yawuri, Sani Aliyu Ɗandawo gadon mahaifinsa Aliyu Ɗandawo ya ci gaba da shi.

Makaɗan fada ba sa waƙa da ka. Wannan ne babban bambancinsu da Mamman Shata, wanda ke iya ƙirar waƙa nan take a tsakiyar fili, 'yan amshinsa kuwa aikinsu maimaita layi ɗaya har a tashi. A gidan Ɗanƙwairo zama ake yi a ƙulla waƙa. A fara samo gindinta, a gwada shi da kiɗi a ji ko ya hau, sannan a riƙa ɗora ɗiya ɗaya bayan ɗaya, ana bita har kowa ya hardace. Shi ya sa idan an fito gaban sarki, jagora kan furta kalma biyu ko uku kawai, kafin ya rufe baki 'yan amshi sun cafe sun ƙarasa jimlar, sun yi ƙari, sun kai ta gindi sun ajiye. Wani lokaci su rabu biyu suna karɓeɓeniya, wannan ɓangare ya ɗauka, wancan ya tarbe, shi kuwa jagora ya yi shiru yana jiran gurbin da zai sake faɗowa. A ƙarƙashin duk wannan ga kotsanni, kowanne rataye a kafaɗa, ana buga fatar da yatsu, ana matse tsirkiya ana saki domin sautin ya hau ya sauka yadda harshen waƙar ke hawa da sauka. Can gefe kuma sanƙira na kutsowa da kirari, yana fayyace wa jama'a wanda ake nufi da kyautar da aka yi. Mutum shida ko takwas suna aiki a lokaci guda, babu takarda a gaban kowa, kuma ba ka jin wani ya taka ƙafar wani.

Masu sauraren kiɗan Turawa za su ga kama a nan da wani reshe na kiɗan rok da ya ɓullo a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, wanda masu shi ke kira prog. Su ma sun ƙi yarda da gajeriyar waƙa ta minti uku. Sukan shirya doguwar aba mai sassa, kiɗi ya canza taki a tsakiya, a tafi can nesa sannan a komo kan jigon farko. Ƙungiyar Yes, wadda aka kafa a Landan a 1968, ta cike fuska guda ta faifanta na 1972, Close to the Edge, da waƙa ɗaya mai fiye da minti 18. A shekarar dai Jethro Tull suka fitar da Thick as a Brick, waƙa ɗaya tal da ta cinye fuskokin faifan biyu. Ba a tsawon waƙa kaɗai kamar ta tsaya ba. King Crimson sun fitar da faifansu na farko a 1969, kuma a tsawon shekarun da suka yi, Robert Fripp kaɗai ne bai taɓa fita ba, sauran duk shiga da fita suka yi ta yi. Ita kuwa Yes, da Chris Squire ya mutu a 2015, ba ta da sauran ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, amma ta ci gaba da hawa dandamali da sunanta. Bature na ganin wannan abin muhawara ne, yana tambaya ko har yanzu ƙungiyar ita ce. Bahaushen da ya san gidan makaɗa ba zai ga abin tambaya ba.

Inda muka rabu da su shi ne wajen adana aiki, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Mai sha'awar Yes zai iya jera faya-fayansu daga na fari zuwa na ƙarshe, ya gaya maka shekarar kowanne, da ɗakin da aka ɗauka, da wanda ya buga ganga a ciki, da wanda ya fita kafin na gaba. Da wannan jeri ne ake gane lokacin da ƙungiya ta kai ganiyarta da lokacin da ta fara ja da baya. Mu kuwa je ka shagon masu tura waƙa a waya, a Mahuta ko a Zuru, ka ce a zuba maka Ɗanƙwairo a kati. Yaron zai buɗe kwamfuta ya kwaso maka tuli. Wata an sa mata sunan sarkin da aka yi wa, wata lamba ce kawai, wata kuma an maimaita ta sau uku da suna daban-daban. A tsakiyarsu za ka tsinci ta Narambaɗa ko ta Sa'idu Faru, don duk kotso ne, an manna musu hoton Ɗanƙwairo. Wata waƙar tana cikin tafiya, jagora ya ɗauko ɗa bai ajiye ba, sai ka ji ɗif. Ba laifin katin ba ne: can baya ne kaset ɗin da aka kwafo ta ya ƙare, mai minti 30 a kowace fuska, wanda ya kwafa kuma bai juya ba. Shekara babu, wuri babu, sunan ɗan amshi ko ɗaya babu.

Dalilin haka a fili yake. Turawan can don faifai suke shirya waƙa, kamfani ne ke biya, shi ke ajiye uwar faifan da takardunta. Makaɗin fada kuwa don sarki yake yi, ladansa doki ne da riga da kujerar Makka, ɗaukar sauti abu ne da ya zo daga baya. Mafi yawan abin da ya rage mana ya fito ne daga gidajen rediyo da talabijin, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma rikodar masu sha'awa da aka ajiye a gaban makaɗa ranar salla ko naɗin sarauta. Daga nan 'yan kasuwar kaset suka kwafa, wasu suka kwafa daga nasu, har aka zo zamanin kati. Kowane kwafi ya rage wani abu. Sannan duk abin da gidan ya yi zamanin Ɗankwanda, da mafi yawan na zamanin Kurna, ya wuce tun na'urar ɗaukar sauti ba ta zama ruwan dare ba. Ƙungiyar da muke ji a faifai ta riga ta manyanta, jagoranta ya haura shekara 50.

Duk da haka ana iya shata zango-zango, domin sunayen iyayen gida suna taimakawa. Akwai zangon Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya fitar da gidan daga fadar Maradun ya kai shi kunnen Arewa baki ɗaya, ya kuma yanke ranar 15 ga Janairu, 1966. Akwai zangon Tsafe, wajen 'Yandoto Aliyu. Sai kuma shekarun da ƙungiyar ta zama ta kowa, tana yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, har da gwamnan farar hula irin Shehu Kangiwa, wanda ya mulki Jihar Sakkwato daga 1979 zuwa rasuwarsa a 1981.

A ganina, ba a waƙoƙin Sardauna ƙungiyar ta kai maƙura ba, ko da yake su suka fi suna. Nauyin siyasar jam'iyyarsa ta NPC ya danne su, yabon ya yi yawa, wasa da harshe ya ragu. Saurari waƙar 'Yandoton Tsafe ko ta Sarkin Daura ka ji bambanci. A nan amshi ya nuna, zambo ya yi kaifi, ana yi wa ɗan sarkin da ke haƙon sarauta habaicin da ba a kama suna ba amma duk fada ta san da wa ake, 'yan amshi kuma na ƙarasa zagin cikin murya mai daɗi kamar ba su san abin da suke faɗa ba. Zangon ƙarshe yana da nasa rauni, kuma bai kamata ƙauna ta hana a faɗa ba. Da masu neman waƙa suka yi yawa, sai aka fara ɗebo ɗiya daga tsohuwar waƙa ana dasawa a sabuwa, a canza suna kawai. Muryar dattijon ma ta yi rauni. Amma a nan ne amfanin tsarin ya fito fili, domin 'yan amshi sun ɗauke masa nauyin da mawaƙi shi kaɗai ba zai iya ɗauka a wannan shekaru ba. Duk wanda ke son sanin ƙimarsu, waɗannan faya-fayan na ƙarshe zai saurara.

Ga wani misali daga maƙwabta. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, masu jita da kalangu, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, kuma su ma 'yan ƙungiyar sun fi waɗanda ke hawa dandamali yawa, ana yin karɓa-karɓa. Saboda sun haɗu da kamfanin FatCat na Ingila, aikinsu a jere yake: Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018, kowanne da sunayen waɗanda suka yi shi. Faifai uku na shekara biyar sun fi aikin rabin ƙarni na gidan Ɗanƙwairo tsari a takarda. Ba gwaninta suka fi su ba. Sun dai samu wanda ya rubuta.

Ba a ce malamai sun yi barci ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kan tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ɗalibai kuma a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello sun rubuta kundaye ba adadi. Sai dai hankalin nazarin ya fi karkata ga kalmomi: jigo, salo, adon harshe. An mayar da waƙar baka rubutacciya, an sa sunan jagora a sama, sauti da masu fitar da shi suka koma gefe. Da wuya ka ga kundin da ya ɗauki waƙa ɗaya ya kwatanta yadda aka rera ta a ɗauka biyu ko uku, ya nuna ɗan da aka ƙara da wanda aka zubar, ya faɗi wanda ke riƙe da babbar murya a amshi.

Magadan gidan suna nan suna kiɗa, kuma jama'a tsofaffin waƙoƙin suke nema a wurinsu, kamar yadda masoya Yes ke cika zaure don jin faifan shekarun 1970 daga farko har ƙarshe. Wannan yana ciyar da gida, amma yana hana sabon ƙulli fitowa. Wani amfanin magadan ya ma fi wannan gaggawa. A cikinsu da sauran dattawan Maradun da Tsafe akwai waɗanda, in an kunna musu tsohon kaset, za su ce wannan muryar wane ce, a fada kaza aka yi, shekarar da aka naɗa wane.

Saboda haka kirana ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da gidajen rediyon Kaduna da Rima, da sassan Hausa na jami'o'inmu, shi ne su haɗa hannu su fito da tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiyarsu, su zauna da waɗannan dattawa, a bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a rubuta shekara da wuri da sunan kowane ɗan amshi da makaɗi. A fara da gidan Ɗanƙwairo, sannan a gangaro Yawuri gidan Ɗandawo. A yi shi tun masu gane muryoyin suna da rai.